BABI NA UKU: TSOFAFFIN KUƊIN AZURFA DA MATSAYINSU A GIDAJEN JEGA DA ALIERO DA MAIYAMA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an yi magana a kan sana'ar ƙirar fari a ƙasar Gwandu, inda aka nuna cewa mafi yawan azurfar da maƙera ke aiki da ita daga tsofaffin kuɗi ake samun ta, domin ba a haƙo azurfa a wannan yanki. A wannan babi za a dubi su kansu kuɗin, wato inda suka fito, da hanyar da suka biyo suka iso Jega da Aliero da Maiyama, da dalilin da ya sa suka bar kasuwa suka koma cikin adudu da akwatunan mata. A ƙasashen Turai akwai masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, suna jera su bisa shekara da ƙasa da sunan sarki. Abin da ake samu a wannan yanki ya sha bamban da wannan. Mutum yakan riƙe sule ko liyari ne saboda na uwarsa ne ko na kakarsa, ko da kuwa bai iya karanta rubutun da ke jikinsa ba. Ra'ayin da wannan babi ya ginu a kai shi ne, amfanin waɗannan kuɗi ga mai nazarin tarihi yana cikin sanin hannuwan da suka ratsa, fiye da shekarar da aka buga a jikinsu.

3.1 Kasuwar Jega da Hanyar Gwanja

Garuruwan nan uku duk suna cikin masarautar Gwandu, a Jihar Kabi wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Aliero tana arewa maso gabas da Jega ta wajen hanyar Tambuwal da Sakkwato, Maiyama kuwa tana kudu a kan hanyar Koko da Yawuri. Jega ce ke tsakiya, kuma ita ce uwar kasuwa.

Tarihin Jega yana haɗe da na Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Gimbana da jama'arsa. Harin da Gobirawa suka kai Gimbana yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a shekarar 1804. Bayan saɓanin da ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1817, da rasuwarsa a 1818, ɗansa Buhari ya kafa Jega wajen shekarar 1820, a kusa da gulbin Zamfara. Ba a daɗe ba garin ya zama babban zango na fataken goro. Lovejoy (1980) ya yi cikakken bayani a kan wannan fatauci, da yadda ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ya biyo ta Jega, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu har ya kai Salaga a ƙasar Gwanja. Suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, su komo da goro.

Kuɗin wancan zamani shi ne wuri. Matsalar wuri kuwa nauyi. Keso guda, wato wuri 20,000, kayan ɗan dako ne sosai, ga kuma wahalar ƙirga. Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a shekarar 1851 ana canza dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Ke nan keso guda daidai yake da dala takwas, waɗanda falke zai ƙulle a bakin rawaninsa ba tare da kowa ya sani ba. Bugu da ƙari, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus sun yi ta jibgo wuri daga Zanzibar zuwa Ikko, har darajarsa ta faɗi ƙwarai, kamar yadda Johnson (1970) ta nuna. Wanda ya ajiye dukiyarsa a wuri ya yi asara, wanda ya ajiye a azurfa bai yi ba. Daga nan ne, a ganina, yardar da mutanen wannan yanki suka yi wa azurfa ta samo tushe.

3.2 Liyari

Kuɗin azurfa mafi girma kuma mafi daraja a idon tsofaffi shi ne liyari. Kalmar ta fito ne daga riyal na Larabci. Asalinsa kuɗin ƙasar Ostiriya ne, mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tereza wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. An fara buga shi a 1741. Nauyinsa ya ɗan haura giram 28, faɗinsa kusan milimita 40, kuma kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce, sauran jan ƙarfe. A gefe guda akwai hoton sarauniyar da lulluɓi a kanta, a ɗaya gefen akwai gaggafa mai kai biyu, wadda ta sa Larabawa ke yi wa kuɗin laƙabi da uban tsuntsu. A kewayen bakinsa akwai rubutu mai tudu, wanda ke tona asirin duk wanda ya kankare gefen don ya rage azurfa.

Liyari ya shigo ƙasar Hausa ta hanyar Sahara, daga Tarabulus da Gadamas zuwa Barno da Kano, sannan ta hannun alhazai masu biyowa ta Sudan. A Barno ya zama kuɗin ciniki sosai. A nan yamma kuwa bai kai ga haka ba, an fi amfani da shi wajen ajiya da manyan biya da ado.

Akwai wani abu game da liyari da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ke yawan ruɗar masu shi. Kusan duk liyarin da mutum zai ɗauka ya duba zai ga an rubuta 1780. Saboda haka sai a ji iyali suna cewa nasu ya girmi jihadi, ko kuma kakansu ya zo da shi daga Gimbana. Gaskiyar magana ita ce, bayan rasuwar sarauniyar a 1780 'yan kasuwar gabas sun ƙi yarda da wani kuɗin da ba shi ba, don haka aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba tare da an sauya ba. An daina karɓar sa a matsayin kuɗi a Ostiriya kanta a 1858, amma ba a daina buga shi don kasuwannin waje ba. Daga shekarun 1930 har an buga shi a Rum da Landan da Faris da Bombai, kuma ma'aikatar buga kuɗi ta Biyana ta ci gaba da fitar da shi ga masu saye. Jimillar waɗanda aka buga ta haura miliyan 300. Wannan na nufin liyarin da ke cikin akwatin wata tsohuwa a Aliero yana iya zama na zamanin Sarkin Gwandu Halilu, yana kuma iya zama wanda wani alhaji ya sayo a Jidda a 1960, alhali rubutun jikinsu iri ɗaya ne. Masana kuɗi suna iya bambance su ta wasu ƙananan alamomi, kamar yawan duwatsun da ke kan kambin sarauniyar da gashin wutsiyar gaggafar, amma idan kuɗin ya sha hannu waɗannan alamomi sukan shafe. Don haka bai halatta ga mai bincike ya kafa hujja da 1780 ba. Abin da zai kafa hujja da shi shi ne wa ya ba wa, kuma a wane aure ko wace tafiya.

3.3 Sulallan Turawa Daga 1903 Zuwa 1920

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ƙasar Gwandu ta shiga hannunsu. Gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri a 1904, sannan sannu a hankali aka matsa wa talakawa su biya haraji da kuɗin Turawa. Da farko sulallan Ingila ne suka shigo, masu hoton Sarauniya Biktoriya da Sarki Edwad na Bakwai. A 1907 aka fito da anini da kwabo masu huda a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Waɗannan ba azurfa ba ne, kuma ba su ne abin nazarinmu ba, ko da yake sau da yawa ana tarar da su a ƙulli ɗaya da na azurfar.

A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma a Landan, domin ta yi wa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya kuɗinsu na kansu. A 1913 ta fitar da fataka, wato sule biyu, wadda wasu ke kira dala, da sule da sisi da taro. Suna ɗauke da hoton Sarki Joji na Biyar, a bayan sule da fataka kuma akwai bishiyar kwakwa. Azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000, wato ta fi ta liyari kyau. Sule yana da nauyin giram 5.66, fataka giram 11.31.

Shekara bakwai kacal waɗannan kuɗi suka yi ana buga su a haka. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya farashin azurfa ya tashi a duniya har ƙarfen da ke jikin sule ya nemi ya fi sule daraja. A 1920 hukumar ta rage azurfar zuwa rabi, kafin shekarar ta ƙare kuma ta koma buga su da gaurayen tagulla mai launin rawaya. Ingila ita ma ta rage tata zuwa rabi a 1920, ta cire gaba ɗaya a 1947. Abin da ya biyo baya shi ne abin da masana tattalin arziki ke kira ƙa'idar Giresham. Idan mutum yana da sule biyu, ɗaya fari ɗaya rawaya, kuma mai karɓar haraji zai karɓi kowanne a matsayin sule, to rawayan zai miƙa ya ɓoye farin. Gwamnati ta janye abin da ta iya janyewa, sauran ya shige tukwane da ƙarƙashin gado da maƙera. Saboda haka sule mai kwakwa, saɓanin liyari, shaida ne mai gaskiya: idan fari ne kuma shekararsa tana tsakanin 1913 da 1920, to an san lokacin da ya shigo, an kuma san kusan lokacin da ya bar kasuwa.

3.4 Dalar Faransa da Riyal na Makka

Yankin Jega bai da nisa da iyakar Nijar ta wajen Kamba da Gaya da Doso, kuma cinikin shanu da kanwa bai taɓa tsayawa a kan iyaka ba. Ta nan dalar Faransa ta shigo, wato faran biyar na azurfa mai nauyin giram 25. Sunan ya zauna, domin Hausawan Nijar da dala suke ƙirga kuɗin sefa, dala ɗaya faran biyar. Haka kuma akwai riyal na azurfa mai sunan Sarki Abdul'aziz na Saudiyya, wanda daga 1935 aka mayar da girmansa daidai da rufi na Indiya. Shi wannan alhazai ne suka zo da shi tsaraba, kuma ana girmama shi saboda wurin da ya fito da rubutun Larabcin da ke jikinsa. Mutanen Aliero, waɗanda sana'ar ɗori da fataucin albasa ke kai su ƙasashe daban-daban na Afirka ta Yamma, su ma hanya ce ta shigowar baƙin kuɗi.

3.5 Yadda Azurfa ta Koma Ɗakin Mata

Kuɗin da fatake da manoma suka samo, a ƙarshe a hannun mata ya zauna. Dalilan haka suna da alaƙa da addini da al'ada, kuma idan aka auna kuɗin a ma'auni sai a ga yadda suka dace da hukuncin fiƙihu.

A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a wannan ƙasa, mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinariya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko dirhami uku na azurfa. Dirhami uku bai kai giram 9 cikakke ba. Fataka guda ta 1913 tana da azurfa zalla fiye da giram 10, liyari kuwa fiye da giram 23. Ke nan fataka ɗaya ta isa sadaki a shari'ance, liyari kuma ya ninka shi har da saura. Sadaki kuwa haƙƙin mace ne, ba na ubanta ko mijinta ba. Wannan ita ce ƙofa ta farko da azurfa ta bi ta shiga ɗaki. Ta biyu ita ce kyautar uwa ga 'yarta ranar da za a kai ta gidan miji, a ɓoye cikin kayan ɗaki, domin ranar da za ta shiga matsi ba ta son miji ko kishiya su sani.

Sannan akwai batun zakka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wato liyari 26 ke nan idan aka yi lissafi da azurfar da ke cikinsu zalla. Amma a Malikiyya kayan adon da mace ke sawa babu zakka a kansu. Kuɗin da aka huda, ko aka kai wa maƙeri ya yi masa kunne aka zura a zare tare da murjani da tsakiya, ya tashi daga kuɗi ya zama ado. Ba ina cewa don gudun zakka aka yi ta huda su ba, domin kaɗan ne daga cikin mata suka taɓa mallakar abin da ya kai nisabi. Sai dai hukuncin ya nuna yadda al'umma ke kallon abin. Matan Fulani na rugagen da ke kewayen Maiyama da gulbin Zamfara kuwa a kitso suke jera su, ta yadda dukiyar mace tana tafe tare da ita duk inda aka yi ƙaura.

A nan ne bambancin da aka ambata a gabatarwa ya fi fitowa fili. A wurin Bature mai tara kuɗi, huda ko kunne aibi ne mai karya farashi, ya fi son wanda bai taɓa shiga hannu ba. A wurin mai gado kuwa hudar ita ce shaida. Da ita ake gane cewa wannan ne wanda Inna ke ratayawa ranar salla, wancan kuma mai lanƙwasa a gefe shi ne na Goggo.

Zan kawo misali daga gidanmu, domin shi na fi sani. Kakata ta wajen uwa, wadda ta yi zaman aure a wani ƙauye na ƙasar Maiyama, ta rasu ta bar liyari uku da wasu fararen sulalla a ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudunta. Biyu daga cikin liyarin na uwarta ne, na ukun mijinta ya sayo mata a kasuwar Jega shekarar da ta haifi ɗanta na fari. Ta bar 'ya'ya maza biyu da mata uku, mijinta da iyayenta kuma sun riga ta rasuwa. A ƙa'idar gado namiji yana da rabon mata biyu, wato kashi bakwai za a yi. Liyari uku ba su rabuwa bakwai. Malamin da ya yi rabon ya sa aka kira maƙerin fari ya auna su ya yi musu kuɗi, aka ce wanda ke so ya fanshi rabon 'yan'uwansa. Mazan sun fi son a sayar, domin lokacin sayen taki ne. Mahaifiyata da ƙanwarta suka sayar da tumakinsu suka fanshi liyarin, sulallan kuwa aka bar wa maƙeri. Babu wanda ya yi zalunci a wannan rabo, amma ƙullin da ya yi shekaru da dama wuri ɗaya ya watse a yini guda, kuma mutum biyu ne kawai suka rage waɗanda suka san wane liyari ne na wa.

3.6 Narkarwa da Sayarwa

Babban abin da ke cinye waɗannan kuɗi shi ne wutar maƙera. Musulunci ya hana namiji ado da zinariya, ya halatta masa zoben azurfa, malaman Malikiyya kuma suka ƙayyade kada nauyinsa ya wuce dirhami biyu, wato kusan giram 6. Farin sule guda, mai giram 5.66, zobe ɗaya ne cif. Saboda haka sule ya fi liyari saurin ƙarewa, duk da cewa shi ne shekararsa ke faɗin gaskiya. Liyari da dalar Faransa su kuma sukan tafi wajen munduwa da awarwaro da kayan doki na sarakuna. Maƙeri yakan gwada kuɗi ta hanyar jefa shi a kan dutse ya saurari ƙararsa, ko ya goga shi ya duba launi, domin akwai na jabu da aka yi da dalma ko farin ƙarfe.

Lokutan tsanani su ne ke fitar da azurfa daga ɗaki. Farin da aka yi a 1973 zuwa 1974, da na 1984, ya tilasta wa makiyaya da manoma da yawa a ƙasashen Sahel rabuwa da kadarorinsu, kayan adon mata na ciki. Haka kuma farashin azurfa a kasuwar duniya ya kusan kai dalar Amurka 50 a kan kowane oza a watan Janairu na 1980, ya sake kusantar haka a 2011, kuma irin wannan tashi yana ƙara wa dillalai ƙwarin guiwar bin gidaje. A ɗaya ɓangaren, sauye-sauyen kuɗin gwamnati sun ƙara wa tsofaffi riƙo da abin da ke hannunsu. Wanda ya ga an sauya kuɗin Hukumar Afirka ta Yamma da na Babban Bankin Nijeriya a 1959, ya ga fam da sule sun koma naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973, ya ga canjin launin takardun naira na watan Afrilun 1984 da wahalar canjin kuɗi ta 2023, yana da hujjarsa idan ya ƙi sakin liyarin uwarsa, domin babu sanarwar rediyo da ta taɓa kashe shi.

Saboda masu waɗannan kuɗi ba su yarda a fita da su daga ɗaki, wasu ma ba su son 'yan'uwa su san suna da su, hanyar da aka bi a wannan bincike ita ce a ɗora farar takarda a kan kuɗin a goga fensir har zanensa ya fito gaba da baya, a auna nauyinsa a ma'aunin maƙera, sannan a rubuta jerin waɗanda suka riƙe shi ta hanyar dangantaka kawai, wato uwa ko kaka ko goggo, da garin da kowace ta yi aure, ba tare da ambaton suna ba. Da waɗannan jeri ne za a yi aiki a babi na huɗu wajen bin sawun auratayya tsakanin Jega da Aliero da Maiyama.